Babi na Bakwai: Siririn Allo da Ƙafar Masunci

Da sanyin safiya, kafin iskar hunturu ta farka, je ka tsaya a bakin tafkin Ɗan Dutsi, yamma da Illela ta jihar Tawa. Za ka ga masunci tsaye cikin kwale-kwalen da da ƙyar faɗinsa ya ishi mutum zama, ya naɗe birgi a kafaɗa, ya murɗa ƙugu, ya watsa. Jirgin zai karkata har ka ce ruwa ya shiga, sa'an nan ya dawo daidai. Shi kuwa mutumin ko kallon ƙafarsa bai yi ba, idonsa na can inda birgin ya faɗa.

Ɗan Dutsi ba tsohon ruwa ba ne. Kafin daminar 1974 ɗan ƙaramin tafki ne mai ƙafewa da rani, gonakin gero da dawa na kewaye da shi. Ruwan da aka sheƙa a wannan shekara, bayan farin da ya gallabi ƙasashen Sahel, shi ya cika kwarin, tun daga nan kuma ya zama ruwan da ake su a cikinsa. A 2005 aka sa shi cikin jerin dausayin duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar. Wurin da kakanni suka yi huɗa, jikoki ke tuƙi a tsaye. Na fara da wannan ne don mai karatu ya kawar da tunanin cewa tsayuwa a kan siririn abu bisa ruwa baiwa ce ta mutanen bakin teku. Koyo ne, kuma a nan gida ana koyonsa.

A babukan baya mun hau faffaɗan allon da ake tuƙawa a tsaye da filafili, irin mai faɗin inci 32, wato kamar santimita 81, wanda ko mai tsoron ruwa zai iya miƙewa a kansa a rana ta farko. Wanda ya yi wata biyu ko uku yana tuƙa irin wannan allo, wata rana zai ji ya ƙosa. Yana zuba ƙarfi, allon na tura ruwa a gabansa kamar garma, gudu kuwa ya ƙi ƙaruwa. A nan sha'awar allon tsere ke shiga zuciya, a nan kuma mafi yawan mutane ke yin kuskuren da zai ci musu kuɗi ya kashe musu gwiwa.

Bari mu fara da abin da ya sa siriri ya fi gudu. Duk abin da ke tafiya bisa ruwa da abokan gaba biyu yake fama. Na farko gogayyar ruwa da cikin jirgi. Na biyu igiyar ruwan da jirgin da kansa yake tayarwa yayin da yake keta ruwa. Kowace igiya ƙarfin damtsenka ne ya tafi a banza. Dogon jiki siriri yana tsaga ruwa ya wuce ba tare da ya ture shi gefe da yawa ba, don haka igiyar da yake tayarwa ƙarama ce. Masu ƙera jirage suna da tsohon lissafi da ke nuna gudun da jirgi kan kai kafin igiyarsa ta zame masa tudu, kuma tsawo ne ke yanke wannan. Allo mai ƙafa 10 da inci 6 yana cin karo da wannan tudu wajen kilomita 8 a awa. Mai ƙafa 14, wato mita 4 da santimita 27, sai ya haura kilomita 9 kafin ya ji shi. Shi ya sa allunan tsere dogaye ne, kuma shi ya sa aka sa musu iyaka: a da ƙafa 12 da inci 6 ta yi tashe, yau kuwa ƙafa 14 ce aka fi tsere da ita. Tunda an ƙayyade tsawo, abin da ya rage wa maƙera su taɓa shi ne faɗi. Suka yi ta rage shi shekara bayan shekara, har gwanayen duniya suka koma hawa allunan da faɗinsu ke tsakanin inci 20 da 23.

Akwai wata riba da ba a cika faɗi ba. A kan siririn allo, filafili yana shiga ruwa a miƙe, kusa da tsakiyar allon, don haka allon ya fi tafiya sak. A kan faffaɗa kuwa dole ka miƙa hannu waje, kowane ja sai ya karkatar da hancin allon, ka yi ta sauya hannu daga dama zuwa hagu.

To, ga inda gizo ke saƙa. Ƙarfin da allo yake da shi na dawowa daidai idan ya karkata ba ya raguwa daidai da yadda faɗi ya ragu, faɗowa yake yi warwas. A lissafin masu ƙera jirage, idan tsawo da siffa ba su canza ba, ana ninka faɗin da kansa har sau uku ne a sami ma'aunin wannan ƙarfi. Ɗauki allo mai inci 30 a matsayin ɗari bisa ɗari. Ka sauko inci 28, saura kashi 81. Inci 26, kashi 65. Inci 24, kusan rabi. Inci 21, kashi ɗaya cikin uku da ɗan ɗori. A shago, bambancin allo mai inci 30 da mai inci 24 bai kai taƙi guda ba, ido ma ba ya ganinsa da kyau. A ruwa, rabin ƙasar da kake takawa ce aka janye maka.

Ni wannan lissafi a jikina na koye shi. Allona na tsere na farko daga hannun wani mai sayarwa na saye shi, wanda ya dube ni ya ce tunda ba ni da jiki, mai inci 23 zai yi mini. Ban tambayi kowa ba, na biya. Na kai shi madatsar ruwan Mozage a watan Oktoba, ruwa cike, kwance lumui. Cikin awa guda na faɗa ruwa fiye da yadda na faɗa a duk watannin da na yi a kan faffaɗan allo. Ko lokacin da ban faɗi ba, cinyoyina na makyarkyata, tafin ƙafata ya yi tsami, filafilin kuma tsoma shi kawai nake yi don kada in kife. Wani dattijo masunci da ke gyaran taru a gaɓa ya daɗe yana kallona. Da na fito na gaishe shi, sai ya ce, "Jirgin ga ba naka na ba tukuna, yaro." Na ce, "Baba, me ka gani?" Ya ce, "Ƙafarka na rawa. Wanda ƙafa tai ka rawa ba tuƙi shikai ba, roƙon ruwa shikai kada ya kada shi."

Na koma gida na zauna da biro da takarda. A ce siririn allo zai ƙara maka mita 200 a cikin tafiyar awa guda, idan ka tsaya a kansa daram. Mai gudun kilomita 8 a awa yana cin fiye da mita 2 kowace daƙiƙa. Faɗuwa ɗaya, da iyo zuwa allo, da hawa, da miƙewa, da sake ɗaukar gudu, a ce daƙiƙa 20 ne, ka yi asarar mita 40 da wani abu. Faɗuwa biyar ta cinye ribar kaf. Wannan ma ba a sa asarar da ba a gani ba: duk jan da ka yi da rabin ƙarfi saboda tsoro. Sauri ya haifi nawa ke nan. Na sayar da allon na nemi mai inci 27, kuma a kansa na fara jin abin da ake kira gudu.

Saboda haka ga hukuncina a kan zaɓe, kuma ba na sassauta shi. Allon da ya dace da kai shi ne mafi sirantar wanda za ka iya ja da dukkan ƙarfinka a kansa, a ranar da iska ke kaɗawa, bayan ka riga ka gaji. Gwajin minti biyar da safe a ruwa kwance ba ya faɗin gaskiya. Wanda ya fito daga inci 32 ya tsaya a 28, ko 27 idan ƙafarsa ta zauna. Bayan shekara ya sauka inci biyu. Dogon mutum da mai nauyi su ƙara faɗi, domin dogo nauyinsa na sama, kamar rimi a gaban iska. Matashi gajere marar nauyi, ko mace, sukan iya farawa ƙasa da haka. A kuma duba lita nawa aka rubuta a jikin allon, domin kowace lita kilo ɗaya take ɗauka a ruwa, kuma allon tsere na bukatar ya ninka nauyin mai shi nesa ba kusa ba kafin ya zauna bisa ruwa yadda aka tsara shi.

Faɗi kaɗai ba ya gaya maka komai. Allo biyu masu faɗi ɗaya, wani cikinsa shimfiɗaɗɗe ne, yana zaune kamar tabarma har sai ya kai wani mizani ya jefar da kai ba sallama. Wani cikinsa kamar ƙwarya, yana ta tangaɗi tun daga farko, amma in ya karkata sai gefensa ya riƙe ruwa ya tsaya. Sabon shiga ya fi son na farko, gwani yakan fi amincewa da na biyu. Wani abin da ke faranta mini rai shi ne dabarar da maƙeran allunan tsere suka koma wa da suka ga siranta ta yi yawa: sai suka rarake wurin tsayuwa, ƙafa ta sauka kusa da fuskar ruwa, gefuna suka taso dama da hagu. Sunan da suka ba wannan ƙira a Turance ma sunan kwale-kwalen da ake sassaƙawa daga gungumen itace ne. Abin da masassaƙan Kabi da Yawuri suka gada da gizago, shi injiniyoyi suka dawo gare shi da zaren kabon. Illarsa guda: in ka faɗi, hawa ya fi wuya, don sai ka tsallake gefen.

Ga mutumin Ƙonni ko Malbaza akwai wata tambaya kafin duk waɗannan, wato allo mai tauri ko na hurawa. Mai tauri ya fi gudu, ba musu. Amma abu ne mai tsawon fiye da mita 4, ba ya naɗuwa, bugu kaɗan ya tsage, kuma mai gyaransa ba ya kusa. Na hurawa ana naɗe shi a jaka a ɗaure a bayan babur, a kai shi madatsar Zango ko ta Galmi, a ba shi iska da famfo har ya yi tauri kamar katako. Ni shi nake ba mai farawa shawara. Sai dai a kiyaye masa abu biyu da ƙasarmu ke da su a wadace. Ƙayar bagaruwa da ke kwance a bakin tafki tana huda shi. Ranar bazara kuma, idan aka bar shi cike da iska a kan yashi, iskar ciki na kumbura har ɗinki ya buɗe. Ka fito daga ruwa, ka kai shi inuwa ko ka rage masa iska.

Yanzu sai koyo. Ranar farko a kan siririn allo, fara a durƙushe, ka ja sau goma ko ashirin har allon ya ɗauki tafiya, sa'an nan ka miƙe. Allo mai tafiya ya fi allo tsayayye zama, kamar dai keke. Ƙafafu su tsaya dama da hagun mariƙin da ke tsakiya, yatsu na duban gaba. Gwiwa kada ta ƙage. Duk wanda ya taɓa kallon 'yan kokowa a fili, kuma mu mutanen jihar Tawa ba baƙin wannan ba ne tunda a Tawa aka fara gasar kokowa ta ƙasa a 1975, ya san tsayuwar da nake nufi: gwiwa a sake, ƙugu a ƙasa, ƙirji a buɗe, ido a kan abokin karawa. Abokin karawarka a nan shi ne wata bishiya ko wani dutse a can ƙetare. Kafa masa ido. Da ka sunkuyar da kai ka dubi ƙafarka, jiki zai bi kai, ruwa kuma na jira.

Abin da ya fi wuyar karɓa shi ne a bar allon ya yi rawarsa. Sabon shiga yana ƙoƙarin danne shi ya hana shi motsi, ya damƙe shi da yatsun ƙafa, shi ya sa tafin ƙafa ke tsami cikin minti goma. Dubi mai tallan fura da ƙwarya a ka, tana tafiya a kan kunya-kunyar gona: daga ƙugu zuwa ƙasa komai na motsi, daga ƙugu zuwa sama ko gezau. Haka ake so. Akwai horon da ya taimake ni ƙwarai. A ruwa marar zurfi, wanda ya kai ƙirji, tsaya ka riƙa danna gefen dama da gangan har ruwa ya taɓa bakin allon, ka saki, ka danna hagu. Yi ta yi har ka gano inda allon yake tsayawa da kansa. Yawancin faɗuwar farko tun kafin a kai wannan wuri ake yinta, mutum ne ke tsorata ya yi tsalle, allon bai jefar da shi ba.

Filafili shi ne ƙafarka ta uku. Muddin bakinsa na cikin ruwa, kana da abin dogara. Lokacin da yake sama ne kake cikin haɗari. Don haka idan ka ji za ka tafi, kada ka ɗaga hannu sama, ka mari ruwa da faɗin filafilin ka dogara a kai, ko kuma ka kafa shi gaba ka ja. Shi ja kuwa yana da ƙa'ida. Miƙa gaba, ka nutsar da bakin filafilin gaba ɗaya kafin ka fara ja. Ɗauka cewa turke ka kafa a ƙasa kana jawo kanka zuwa gare shi. Ƙarfin daga baya da ƙugu yake fitowa, hannuwa igiya ce kawai. Da bakin ya iso daidai ƙafarka, cire shi. Duk abin da ka ja bayan ƙafa ruwa kake ɗagawa sama, kana danna allon ƙasa, kana kuma karkatar da kanka. Masu tuƙa kwale-kwale da gwangwala sun san rabin wannan tun suna yara, domin su turken nasu na gaske ne, a ƙasan tafki yake kafuwa.

Juyawa a wurin alama ita ke raba 'yan tsere. Allo mai ƙafa 14 ba ya son kwana. Sai ka ja ƙafa ɗaya baya, ka taka kusa da wutsiya har hancin ya ɗaga daga ruwa, ka share ruwa da filafili daga gaba zuwa baya, allon ya juya a kan wutsiyarsa. Wannan za ka sha ruwa kafin ka iya. Koye shi a kan tsohon faffaɗan allonka tukuna, kada ka sayar da shi da wuri. In faɗuwa ta zo, faɗa gefe, nesa da allon, jiki a shimfiɗe, ba da kai ba kuma ba da ƙafa a miƙe ba, domin tafkunanmu ba su da zurfi kuma akwai kututture a ƙasa.

Ruwanmu yana da kalandarsa. Madatsun Mozage da Zango, da aka gina a kan kwarin Maggiya don ban-ruwan gandun noman Ƙonni, da damina suke cika, haka ma ta Galmi da ke shayar da albasar da ta yi suna har ƙasashen waje. Daga ƙarshen damina zuwa farkon sanyi ruwa na da yawa, shi ne lokacin koyo. Da hunturu ya kankama, iskar arewa maso gabas kan tashi da hantsi, ta tayar da ƙananan igiyoyi masu bugun allo daga gefe, waɗanda su ne maƙiyan siririn allo na ainihi. Fita da asuba, kuma ka fara da fuskantar iska, don in ka gaji ta koro ka gida. Da bazara ruwa ya ja baya, laka da ciyawa da tarun masunta sai su riƙa kama ƙegen da ke ƙarƙashin allon, kuma allon da ya tsaya cak yana cikin gudu gaba yake jefa mai shi.

Wannan wasa a duniya yaro ne. A gaɓar Waikiki ta tsibiran Hawai aka san masu koyar da hawan igiyar teku suna tsayawa a kan allo da filafili tun tsakiyar ƙarnin da ya wuce, amma sai farkon shekarun 2000 irin su Laird Hamilton da Dave Kalama suka farfaɗo da shi ya bazu. Gasar duniya ta farko ta hukumar hawan igiyar teku ta duniya, ISA, a Peru aka yi ta a 2012, ta hukumar kwale-kwale ta duniya, ICF, kuma a birnin Qingdao na ƙasar Sin a 2019. A arewacin Holan ana tseren kilomita 220 cikin kwana biyar a kan magudanan ruwa masu kwanciya irin namu. Mu kuwa, ka ƙetara iyaka ta Illelar Najeriya, ka bi ta Sakkwato zuwa Argungu, za ka tarar da tseren kwale-kwale cikin wasannin Kabanci a bikin kamun kifin da ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, wanda UNESCO ta sa cikin al'adun gado na duniya a 2016. Ina da yaƙinin cewa ɗan masuncin da ya tashi yana watsa birgi a tsaye, in aka ɗora shi a kan allo mai inci 24, cikin mako guda zai yi abin da ya ɗauke ni shekara biyu. Abin da ya rasa allo ne da wanda zai shirya masa gasa. Matasan da ke da halin sayen allo, ku riƙa ba su aro. Ku za ku ƙaru da kallon ƙafarsu.

Saura maganar da ba na so a karanta da gaggawa. Iya ruwa fidda kai: wanda bai iya iyo ba kada ya hau siririn allo, ko da wa ya ce masa ruwan bai da zurfi. Rigar da ke hana nutsewa dole ce. Haɗarin jirgin ruwan da aka yi a Warra ta jihar Kabi a watan Mayun 2021, inda mutane masu yawan gaske suka rasu, ya isa ya nuna mana abin da rashinta ke jawowa. Igiyar da ke haɗa ƙafarka da allo ita ma dole ce a tafki, domin in ka faɗi da iska, allo marar nauyi yana gudu fiye da yadda kowa zai iya iyo. A ruwa mai gudu kuwa, irin Maggiya in ta kawo, igiyar ƙafa na iya sarƙewa da itace ta riƙe mutum a ƙasa, don haka kada a shiga sam. Nisanci bakin madatsa da wurin da ake sakin ruwa, kada kuma ka shiga magudanan ban-ruwa. Ruwan kwance mai katantanwa yana ɗauke da tsargiya. In ka ga jini a fitsari ka tafi likita, akwai maganinta.

Waɗannan ruwaye kuma suna da masu su. Abincin wasu ne, gonar wasu ce. Kafin ka sa allo a kowane tafki, je ka gaida Sarkin ruwa ko shugaban masuntan wurin, in madatsa ce ka nemi izinin masu kula da ita, ka tambayi inda aka kafa taru da inda kututture yake. Sa'an nan ka sa rigarka, ka ɗaura igiyarka, ka tafi da aboki wanda zai riƙa ganinka daga gaɓa.